Hutu a Gidan Kaka

A tashar Batsari, wani saurayi ya zauna kusa da wata dattijuwa, suna jiran mota ta cika.

"Inna, taya ni murna! Da rubutu kaɗai nake yi wa mutane a intanet, har idona ya fara ciwo. Yanzu na ƙara da fassara da koyarwa, ko'ina samu nake!"

"Aiki ɗaya ya gajiyar da kai, ka mai da shi uku? Yaushe za ka huta, ɗana?"

"Yau ɗin nan! Gidan kakata za ni, bayan Karare. Can babu sabis, dole in ajiye waya."

"Ai 'yar can ce ni. Sabis ya iso mana tun bara."

"Da gaske? Alhamdu lillahi! Yana da ƙarfi kuwa?"