Issifu a Gida, Joseph a Kwaleji

Mu uku ne a bencin ofishin rantsuwa a Adabraka: ni, da wata mata 'yar unguwar Maamobi, da wani Alhaji mai jar hula. Ba wanda ya san wani.

"Mma, me ya kawo ki?" in ji Alhaji.

"Ɗana zan cire daga kwalejin mishan, in mai da shi ta Musulmi a Kumasi. Sun ce sai na rantse Joseph ɗin da ke takarda shi ne Issifu. In Litinin ta wuce, sun ba wani gurbin."

"Joseph? Wa ya yanka masa ragon?"

"Hedimasta. Ya ce rajistarsa ba ta ɗaukar Issifu."

"Kun sayar da sunan yaro don Turanci, yanzu kin zo fansa."

"Shekara uku yana waƙar coci, Alhaji, bai taɓa fashin salla ba."

"Mu a zamaninmu, da canja suna gara dako a kasuwar Tudu."

Akawu ya leƙo. "Mista Francis Braimah, takardar fansho."

Ba wanda ya motsa. Ya sake kira. Matar ta dube ni, ta ga ban kai fansho ba, sai ta juya wajen mai jar hula.

"Tashi mana, Alhaji Francis. Kana tare wa Joseph layi."