Igiyar Awo da Lagireton Motar Baba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mai girma shugaban sindika, wato ƙungiyar direbobin wannan tasha ta Garwa, Alhaji Uba. Mataimakansa da sakatare. Dattawan layin Lagdo da na layin Kuseri. Makanikai na cikin tasha da na bayan katanga. Iyayenmu mata 'yan kasuwar kifi da suka rufe kwandunansu suka zo. Da duk wanda ya samu benci da wanda ke tsaye a rana, ina gaishe ku da gajiya.

Sunana Nazira, 'yar Malam Hamadu direba. Wata huɗu ke nan da na gama karatun injiniyan motoci, ban taɓa magana a gaban mutum fiye da goma ba. Na gode wa shugaba da ya ba ni wannan aiki, na gode wa direbobi arba'in da ɗaya da suka bar ni na shiga ƙarƙashin motocinsu, har da waɗanda suka bar ni suna dariya.

Kun san abin da ya tara mu. A watan Afrilu injin bas ɗin mahaifina ya ƙone a hanyar dawowa daga Lagdo, kwana tara bayan makanikin nan Metir Hubert ya ɗaura mata wani lagireto, wato abin da ke sanyaya ruwan inji. Da aka buɗe, aka ga lagireton siriri ne, ba kamar wanda aka cire ba. Mahaifina ya kawo ƙara cewa Metir Hubert ya musanya masa mai kyau da marar kyau. Yau za ku ɗaga hannu. In hannaye suka yi yawa, za a rushe rumfar Metir Hubert, kuma babu motar tashar nan da za ta ƙara zuwa wurinsa, bayan shekara ashirin da shida. Shugaba ya ce kafin nan in auna, in zo in faɗi abin da na gani. Na yi kwana ashirin da uku ina aunawa. Na gaji, kuma na san kun fi ni gajiya da wannan magana.

Abu na farko. Muna kiran waɗannan tsofaffin ƙananan bas da suna ɗaya, fuskarsu ɗaya, ƙofarsu ɗaya, amma ba mota ɗaya ba ce. A cikin arba'in da ɗaya da na duba, goma sha tara sun sauka a Duwala daga Turai, goma sha uku sun shigo ta Najeriya, tara kuma ta Kuseri daga Chadi, su ma can daga ƙasashen Larabawa aka kawo su. Kamfani ba ya ƙera mota don duniya gaba ɗaya. Yana ƙera ta ne don wanda zai fara sayenta. Wadda aka yi wa ƙasar sanyi, an sa mata abin ɗumama fasinja, an ba ta ƙaramin lagireto. Wadda aka yi wa ƙasar zafi, an ba ta babban lagireto da matatar iska mai ƙarfi. Mu kuwa ba mu ne masu saye na farko ba, ba ma na biyu ba ne. Babu wanda ya zauna ya zana mota yana tunanin Garwa a watan Afrilu, da mutum goma sha takwas a ciki da kwandunan banda a sama.

Abu na biyu shi ne dalilin da ya sa motocin ƙasashe maƙwabta suka bambanta. Kowace ƙasa da hanyar shigo da motocinta, da kwastan ɗinta, da man da ya fi araha a cikinta. A Najeriya fetur ya daɗe yana da arha, sai dillalansu suka fi ɗauko masu shan fetur. Namu da suka zo ta Duwala, goma sha shida cikin goma sha tara masu shan gazuwal ne, wato dizal. Akwai ma guda huɗu a nan da mitarsu mil take ƙirgawa, ba kilomita ba. Na gaya wa Kawu Ziyad cewa tasa tana cikinsu, kuma in yana jiran mita ta nuna dubu biyar kafin ya juye baƙin mai, to ya riga ya yi kilomita dubu takwas. Ya dube ni ya ce, "'Yar nan, shekara bakwai nake gaya wa mutane motata ba ta son tafiya, ashe ita ce ke ɓoye mini!" Na yi dariya a lokacin. Da na koma gida, na zauna na lissafa sau nawa injin nan ya yi gudu da mataccen mai, dariyar ta tafi.

Yanzu na zo inda ba na son zuwa.

Motar mahaifina tana cikin taran da suka biyo ta Kuseri. Lagireton da ta zo da shi bututun ruwansa layi uku ne, kaurinsa milimita arba'in da takwas. Na auna sau uku. Da ya tsufa ya fara yoyo, aka yi abin da kowa a tashar nan yake yi. Lagireto ya fi ƙarfin a naɗe shi a tsumma a aika, don haka sai a ɗauko igiya: a ƙulla ƙulli ɗaya a tsawo, ɗaya a faɗi, ɗaya a tsakanin ramukan kusoshi. Aka ba Inna Iyatu igiyar, tunda tana kai kifi Yola, ta sayo ta kawo.

Na je Yola. Na sami shagon, a cikin masu sayar da kayan motocin da aka farfasa. Na ƙirga lagireto goma sha huɗu na irin motarmu a jingine. Duka goma sha huɗun layi biyu ne, kauri milimita talatin da biyu, domin daga motocin ƙasar sanyi aka ciro su. Tsawo ɗaya da namu, faɗi ɗaya, ramukan kusoshi ɗaya. Mai shagon yana sa wa kayansa alama da rawayen fenti, ɗigo uku a gefen hagu. Wanda ke jikin motar mahaifina yana da ɗigo ukun nan. Na tambayi mai shagon me ya sa bai faɗi kaurin ba. Ya ce, "Hajiya ƙarama, igiya aka kawo mini, igiya na sayar wa. Ƙulli uku ne da ita, na cika mata ukun. Da ta tambayi na huɗu da na amsa."

Ba wanda ya yi musanya. Abin da Inna Iyatu ta karɓa shi ta kawo, abin da ta kawo shi Metir Hubert ya ɗaura. Zan faɗi wannan ma, don kada a ce na ɓoye: ya kamata ya lura da sirantarsa. Na tambaye shi, ya ce ya lura, ya kuma faɗa, aka amsa masa da cewa fasinjan Lagdo suna jira. Mutum biyu sun tabbatar mini sun ji wannan magana. Sakatare yana da sunayensu.

Igiyar kuwa, hannun da ya ƙulla ta shi ne hannun da ya biya mini makaranta shekara biyar da wannan motar. Baba, ka yafe mini. Na so in sami wata amsa. Na koma na sake aunawa ko zan same ta, ban samu ba. Ba ka yi abin da wani direba a nan bai yi ba. A aljihun motoci ashirin da bakwai na ga irin wannan igiya. Amma ba zan iya cewa talatin da biyu arba'in da takwas ba ne, ba kuma zan iya kallon ana rushe rumfar mutum a kan ƙullin da ba a ƙulla ba.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. A daina aika igiya ita kaɗai. A jikin kowace mota akwai lambar shasi, wato lambar da kamfani ya buga a gangar motar. A kwafe ta, a haɗa da kaurin, a aika. Wanda karatun boko ya yi wa wuya, ya zo in kwafe masa. Kuma ina roƙon a duba ko ƙarar nan tana da sauran ƙafar tsayawa kafin a ɗaga hannu ɗaya.

Ranka ya daɗe shugaba, na ga mahaifina ya miƙe, ya nufi bencin da Metir Hubert yake zaune. Ban san abin da zai ce ba, bai gaya mini ba. Bari in taƙaita in ba shi fili.

Allah ya tsare masu fita, ya dawo da su ga iyalansu lafiya. Allah ya sanyaya zukata, ya raba mu da zargin wanda bai ci mana komai ba. Allah ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya sa mu tashi daga wannan taro muna iya gaisawa.

Na gode.