Ungozoma Dubu Tara

A ɗakin jira na ofishin fasfo, wani dattijo ya gusa ya ba wata mata wuri ta zauna a benci.

"Baiwar Allah, tafiya za a yi?"

"Tafiya kam, Baba. Ungozoma ce ni a asibiti. Shekara goma sha ɗaya ina karɓar haihuwa da fitilar waya. Na gaji."

Dattijon ya juyo gare ta.

"Ni a hukumar tsare-tsare nake aiki. Wata takwas muka yi muna zagaye, muna auna yawan ma'aikatan da ake bukata kafin shirin raya ƙasa ya yiwu. Ungozoma dubu tara muka rubuta a rahotonmu. Ko sulusinsu ba mu da."

"To, ku rage ɗaya."

"Haba 'yata! In kowa ya tafi, wa zai riƙe asibitocin da za a gina?"

"Ina rahoton naku yake yanzu?"

"Yana cikin durowa. An yi taro, an tafa, an watse."

"Ka gani? Ɗiban ruwa da kwando ke nan. Kai fa, Baba, me ya kawo ka nan?"

Ya nuna ƙofar ofishin.

"Ɗana na rako, yana ciki. Likita ne. Ni da bakina na ce masa ya tafi."