Wayar da na sa aka yanke

Assalamu alaikum, malam mai gabatar da wannan shiri na rediyo. Daga Malanville nake rubutowa.

Shekara ashirin ina koyar da kimiyya. Bara, muna zuba siminti a tsakar gida, magini ya tono wayar sandan ƙarfen da ke janye wutar lantarki zuwa ƙasa. Na ce ya yanke, zan mayar. Ban mayar ba.

Ranar Juma'a ɗiyata Hadiza ta gama alwala, ƙafafunta a jiƙe, ta taɓa firigo, wutar lantarki ta ja ta. Allah ya karɓi abinsa.

Masu ta'aziyya suna cewa ƙaddara ce, ina sunkuyar da kai. Mahaifiyarta ba ta san zancen wayar ba.

Jama'a, ku duba naku sandunan yau. Malamai, ku ba ni shawara: da wane baki zan faɗa mata?