A Bayan Babur Ƙirjina Ya Buɗe

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Da sunan Allah da ya tara mu yau a falon Baffa Sani nake gaishe ku, manya da yara. Ku ɗan ajiye kofunan shayin nan, don Allah ya yi mini abin da ba zan iya rufe baki a kai ba.

Wanda bai san ni ba, ni ne Haruna, ɗan marigayi Malam Isa na unguwar Misfala a nan Makka, wanda ya ƙare rayuwarsa yana tura tsofaffin alhazai a keken guragu cikin Harami. A ɗawafi ya faɗi, ina gefensa, jama'a ta matse mu ta ko'ina. Kafin a fitar da shi rai ya yi halinsa.

Tun daga ranar wani ciwo ya kama ni. Da na doshi ƙofar Harami sai ƙirjina ya ƙulle, gumi ya keto mini. An kai ni asibiti, an ce zuciyata lafiya lau. An yi mini ruƙiyya, shiru. Ku duba fa! Wani zai sayar da gonarsa don ya ga Ka'aba sau ɗaya, ni kuwa daga shagonmu nake jin kiran sallar Harami, amma sai in juya in nufi masallacin unguwa.

Ga Inna, ciwon ƙafa ya zaunar da ita. Kullum maganarta ɗaya: "Ya waladi, ɗana, yaushe za ka tura ni ɗawafi?" In ce ga masu turawa nan birjik, zan samo mata. Ta ce, "Ubanka ya tura iyayen mutanen duniya. Ni ba za ni a hannun bare ba ina da ɗa." Tana ramewa ina gani, ina kau da kai.

Da abin ya ishe ni sai na rataya jaka a baya, na ce za ni yawon buɗe ido. Gudu ne kawai. Na ɓulla arewacin Pakistan, na shiga ayarin masu zaga duwatsu a babur, kowa da mai tuƙa shi. Nawa sunansa Karim, wani ɗan siriri mai fara'a. Turancinsa a karye, nawa ya fi nasa karyewa, amma muna gane juna.

A raina na ce, ɗan Makka za a nuna wa dutse? Ni da nake hawa tudun unguwar Nakkasa zuwa gidan kakata tun ina yawo ba takalmi? Ashe ban san dutse ba! Namu baƙaƙe ne, tsirara. Waɗannan kuwa kawunansu fari fat da ƙanƙara, sai ka ɗaga kai har wuyanka ya ƙage ba ka ga ƙarshensu ba. Kogi na can ƙasa siriri kamar zare. Bakina ya kasa komai sai subhanallah.

Muna cikin hawa sai hanya ta tsuke. Dama bangon dutse, hagu rami ba ƙarshe. Gajimare ya sauko ya lulluɓe mu, ba na ko ganin babur ɗin gabanmu. Nan take ƙirjina ya ƙulle, irin na ƙofar Harami sak. Ciwon ya biyo ni har nan!

Na bugi kafaɗar Karim ina cewa ya tsaya. Ya ɗaga murya ya ce, "Ba wurin tsayawa! Riƙe ni. Inda na karkata, karkata."

Na ƙanƙame shi, na runtse ido, na ce, "Ya Allah, na guje wa ɗakinka, ga shi ba ni da sauran wurin gudu. In nan ne ƙarshena, ka yafe mini, ka ba Inna mai tura ta. In da sauran kwana, ka buɗe mini ƙirjin nan."

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na dai ji babur ya tsaya, Karim ya ce, "Buɗe ido."

Allahu akbar! 'Yan'uwa, gajimaren yana ƙasanmu. Mun huda shi mun fito sama. Ya shimfiɗu fari tas iya ganinka, duwatsu sun tsattsago daga cikinsa, rana ta dake su suna walƙiya. Ba ƙarar komai sai iska. Na ja numfashi, ya wuce har ƙasan cikina, babu abin da ya tare shi. Sai kuka ya ƙwace mini, kukan da ban yi ba tun rasuwar Baba. Na faɗi na yi sujada a kan tsakuwa.

Da na ɗago, Karim ya tambaye ni garinmu. Na ce Makka. Sai ya kama hannayena biyu, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Ka taɓa ganin Ka'aba da idonka? Uwata ta tsufa tana roƙon ta gan ta." Mutumin nan ya juya wa duk wannan iko na Allah baya, ya tsaya yana kallon fuskata, don kawai idona ya ga ɗakin Allah. Ya ce, "In ka koma, ka kalle ta domin uwata."

Na katse yawon na dawo gida. Ko jaka ban sauke ba na ce, "Inna, ɗauko mayafinki." Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Halas, shi ke nan, an gama gudun?" Na jawo keken Baba daga bayan ƙofa, na kaɗe masa ƙura.

Ba zan yi muku ƙarya ba, a ƙofar Harami ƙirjin ya fara ƙullewa. Na damƙe hannun keken kamar yadda na damƙe Karim, inda jama'a ta karkata na karkata. Na ɗaga ido na kalli Ka'aba, na yi wa uwar Karim addu'a. Da muka zo daidai inda Baba ya faɗi, ƙafata ta tsaya. Inna ta miƙo hannu baya ta dafa nawa, ba ta ko waiwaya ba, ta ce, "Tura, ya waladi. Nan ya tsaya, kai ka ƙarasa masa."

Na tura. Muka cika bakwai cif.

Alhamdu lillahi! Alhamdu lillahi! Duk wanda yake nan da abin da ya ƙulle masa ƙirji, kada ya fid da rai, ya riƙe Allah gam ko da idonsa a rufe yake. Ga Inna can ɗakin mata tana jin mu. Wanda bai yarda ba ya zo Harami ranar Juma'a, zai same ni a bayan keken Baba.