Hayaƙin Umm Mishari

A ɗakin jiran likita a Kuwait, wata tsohuwa, Umm Mishari, ta juya ga wata 'yar Bangladesh mai tura wani dattijo a keken marasa lafiya.

"'Yata, jikana ya ishe ni, wai mu ke ɗumama duniya. Ni da na daina tuƙi da hawa jirgi? Hayaƙina ɗaya yanzu, turaren wuta."

"Na'urar sanyinki fa, Mama?"

"Wannan in an kashe ta, sai dai a haƙa mini kabari!"

Matar ta taɓa gyalen tsohuwar. "Da can irinsa nake ɗinkawa a masana'anta a Dhaka. Ku kun samu gyale, mu mun shaƙi hayaƙin."

"Me ya kawo ki nan?"

"Teku ta cinye gonar babana."

Tsohuwar ta ce, "Ikon Allah. Mu muka koro ki da hayaƙinmu, ga shi ke ke rainon tsofaffinmu."

"Alhamdulillahi, Mama. Da aikin nan na gina wa babana ɗaki a tudu."

"Allah ya yi miki albarka. Matso, na'urar ɗakin nan ta sa kina rawar sanyi." Ta yafa mata rabin gyalen. "Ai naki ne."