Roƙon Effie Rennie Kan Giyar da Aka Yanka da Wuƙa

Mai girma shugaban wannan taro, Mista Dougal Strachan. Mai girma alƙalin ɗanɗano, Mista Hector Buchan. Rabaran ɗinmu, da ya zauna can kusa da ƙofa don kada a ce ya zo. Dattawan Ƙungiyar Masu Dafa Giya a Gida ta garinmu Kinbrae. 'Yan'uwana mata, waɗanda ake dafa wannan giya a tukwanenmu ba tare da an nemi izininmu ba. Sauran jama'a manya da ƙanana, ina gaishe ku gaisuwa ta mutunci.

Na gode da aka ba ni damar tsayawa a nan, alhali ni ba 'yar ƙungiya ba ce, ban taɓa dafa giya ba, wankin tukunyar kawai na sani. Ni ce Effie, matar Lachlan Rennie, wancan da ke kusurwa yana murza hularsa. An tara mu ne don a kaɗa ƙuri'ar korarsa daga ƙungiya, saboda a gasar bana ta baƙar giyar ot, hatsin nan da muke kunu da shi, kowa ya kawo tasa a kwalba, shi kuwa ya kawo tasa naɗe a takarda. Na zo in roƙe ku ku bar masa kujerarsa, kuma zan faɗi dalilaina.

Na farko, ku ji yadda abin ya faru daga bakin wadda aka yi a ɗakin girkinta. Ku masana kun ce tsiron sha'ir shi ne uwar giya, a soya wani sashe har ya yi baƙi, sannan a barbaɗa ot ɗan kaɗan don ta yi santsi a maƙogwaro. Lachlan ya ji wannan ɗan kaɗan ɗin, ransa ya ɓaci. Ya ce wannan awon maƙwabtanmu mutanen Ingila ne, awon mutanen da ke ba dawakai ot su bar kansu da yunwa; ya ce shi a kan ot aka yaye shi, a kan ot aka yaye kakansa, ba zai yi wa abincin iyayensa rowa ba. Sai ya kinkimo buhu ya juye rabinsa a ruwan zafi. Bai tsaya nan ba, ya miƙa hannu ya ɗebo gishiri.

Na ce, "Kai tsoho, giya kake dafawa ko karin kumallo?"

Ya ce, "Ke Effie, ina kika taɓa ganin an ɗora ot a wuta ba gishiri? So kike uwata ta tashi daga kabari ta ja mini kunne?"

Ya kama muciyar kunu da hannun dama yana juyawa ta dama, yadda aka koya mana duka tun muna yara don kada Shaiɗan ya sa hannu. Shaiɗan dai bai sa hannu ba, domin ya ga ba a buƙatarsa. Da lokacin tacewa ya yi, Lachlan ya buɗe famfon tukunya ya tara bokiti. Shiru. Ya jijjiga, shiru. Ya lallashe ta, ya zage ta, ya busa famfon da baki har fuskarsa ta yi ja, ko ɗigo bai sauko ba. Muciyar kuwa tana tsaye cak a tsakiyar tukunya, ba mai riƙe da ita. Garin neman ƙiba an samo rama.

Na biyu, ina tambayar wannan taro mai albarka: wane ne a cikinku aka haifa a gidan da ake zubar da ot? Ba kowa. To mu ma ba mu zubar ba. Muka jawo durowar kunu ta kakarsa, mai shimfiɗar kwano a ciki, muka juye abin ya kwana ya daskare, yadda iyayenmu ke yi su riƙa yanka suna tafiya gona da shi. Tun daga ranar, baƙin kunu mai ɗaci muke karyawa da shi a gidanmu. Karenmu ya shinshina sau ɗaya ya koma gidan maƙwabta da zama. Da ranar gasa ta zo, mijina ya ce dokar ƙungiya ita ce kowa ya kawo abin da ya dafa, kada ya kawo na wani. Yana iya sayen kwalba a kanti ya ɓare takardar jikinta, kuma kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake. Shi bai yi haka ba. Ya yanko abin da hannunsa ya yi, ya ajiye a gaban alƙali.

Mista Buchan, na san an ɓata maka, na kuma san haƙoranka na roba sun maƙale a ciki har sai da aka sa cokali aka ɓamɓaro su a gaban jama'a. Ina ba ka haƙuri. Amma ba wanda ya ce ka gatsa da ƙarfi haka. Kai ne ka ce alƙalin ƙwarai ba ya yanke hukunci sai ya ɗanɗana. Kuma laifi tudu ne. Shugaba, kwalabenka ba su ne suka fashe a ɗakin ajiyar coci ana tsakiyar addu'a ba, har tsofaffi suka kwanta a ƙarƙashin benci? An kore ka? Shugaba aka naɗa ka.

Na uku, kuma nan ne zuciyata take. Mijina ya ƙarar da ƙuruciyarsa a jirgin fito, yana kai mutane tsibiri yana dawo da su. Ranar da aka sallame shi daga aiki ya dawo gida ya zauna a bakin taga, ba ya magana, ba ya faɗa, ko ni ba ya tanka wa. Wannan ƙungiya ce ta tashe shi. Kowace Alhamis yakan aske gemu, ya goge takalmi, ya taho nan ya yi musu da ku a kan yis da kumfa, ya dawo gida yana zagin Mista Buchan cikin farin ciki. Yau da safe na same shi yana wanke kwalabensa yana jera su a kwali, wai zai rabar. Ya ce, "Bari kawai, Effie, ƙila ba ni da hannun abin." Wallahi na ji tausayinsa, ni da na sha baƙin kunu saboda shi. Teku ta sallame shi, kada ku ma ku sallame shi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Idan kuwa tausayinsa bai kama ku ba, to ku ji tausayina. Na san mijina, wannan sanyin jiki ba zai daɗe ba. Ƙanwarsa ta tsegunta mini cewa ya ce in an kore shi zai kafa ƙungiyarsa shi kaɗai a ɗakin girkina, kuma ni ce zan zama alƙalin ɗanɗano. Jama'a, haƙorana nawa ne na ainihi, kuma kaɗan suka rage. Don haka idan shugaba ya ce masu son a kore shi su ɗaga hannu, ku ɗaga, ba na hana kowa. Ni dai ina nan tsaye ina kallo, kuma matanku suna zaune a bayanku. Lachlan, ajiye hular nan ka ɗago kai, ba sata ka yi ba.

Allah ya albarkaci wannan taro, ya albarkaci gonakinmu na ot da sha'ir, ya ba matan garin nan haƙuri, ya ba mazansu hankalin awo. Allah ya sanyaya zukatan alƙalai, ya nauyaya hannuwan masu son ɗagawa, ya sa Alhamis mai zuwa in ga mijina ya goge takalmi ya fita. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.